Malam Lawal da Gwangwanayen Wake

Duk wanda ya zauna a Tamawa ya san Malam Lawal ba ya ba yaro amsa. In ɗalibi ya tambaye shi abu, sai ya karkata hula ya ce, "To kai me ka gani?" Tare muka yi koyarwa a firamare, kuma wallahi na sha wuyarsa.

Wai shi ilimi ginawa yaro ke yi da hannunsa, ba ɗura masa ake yi ba. Ranar darasin abin da ke nutsewa a ruwa, ya kawo baho ya ce kowa ya jefa abin da ya samu. Dutse ya nutse, kara ya taso. Sai wata yarinya ta ɗauko wayar hedimasta da ke caji a taga.

"Malam, ta nutse!"

Hedimasta na ta salati, shi kuwa cewa ya yi, "Madalla! Yallaɓai, wannan har ta tsufa ba ta mantawa."

Hedimasta ma bai manta ba.

Ni kaina ban tsira ba. Na goya shi a babur za mu gaisuwar mutuwa Karofi, muka iso mararraba. Na ce, "Malam, dama ko hagu?"

"Yi tunani mana."

Na yi tunani, muka ɓulla gonar wani. Da muka isa har an shafa fatiha an watse!

Iyaye suka yi ta ƙorafi wai wasan laka yake koya wa 'ya'yansu, wasu suka janye nasu. Bai sauya ba. Abin da ya karya shi daban ne: hankali ya tashi a ƙauyukanmu, mutane suka kwashe iyali, aji ya zama kango. Ya koma ɗakin haya a Dutsin-Ma, ciwo ya kwantar da shi.

Zuwana na ƙarshe, na tarar ya rame ƙwarai, ga gwangwanayen madara ya shuka wake a ciki, wasu a rana, wasu ƙarƙashin gado.

Na ce, "Haba Malam, wa za ka nuna wa?"

Ya ce, "Yaran za su dawo. Kada su tarar ban shirya ba."

Waken bai tsiro ba muka kai shi makwancinsa. Matarsa ta ce ta kasa zubarwa, kullum sai ta ba su ruwa.

Allah Ya jiƙanka, Malam, Ya haskaka kabarinka. Yaran nan kuma Allah Ya maida su gida lafiya.