Kududdufin Yaya Sule da Agwagi Marasa Kai

Duk wanda ya san Yaya Sule ya san ba ya gama gaisuwa. Kana cikin "ina gajiya" zai ɗaga kai sama ya ce, "Yi shiru! Kirinjijiya!" Ka duba, hankaka ne.

Kirinjijiya dai agwagwar daji ce mai fito. Tun da yayan nawa ya yi ritaya daga tuƙi ya ƙudurta sai ya harbo ta a gonarmu ta gado da ke Tirwun, gonar da ko kwaɗo ba ya kwana! Ya haƙa kududdufi daidai inda masarata ta fi kyau.

Na ce, "Yaya, don Allah, ga agwagi cike da kasuwa."

Ya ce, "Bala, waɗannan ai kowane raggo ya iya harbinsu da aljihu."

Daminar farko ya yi ta zuba dusa da shinkafa, awakin maƙwabta suka yi ƙiba. Ta biyu ya kwaso agwagin matarsa, wai su yi masa kiranye. Kafin la'asar sun jera sun koma gida.

A ta uku sai wani soja na barikin Shadawanka ya ce masa a sassaƙa agwagin itace a sa a ruwa, na sama za su sauko. Wani mai sassaƙa turmi a kasuwar Muda Lawal ya yi masa shida, ni na ɗauko su a babur, yara na bi na da ihu. Liman ya tsayar da mu: "Malam Sule, wannan ai mutum-mutumi ne. Sai dai a cire kai." Yaya ba ya musu da malamai, nan take ya aro zarto.

Na ce, "Yaya! Wace agwagwa ce za ta hango 'yan'uwanta ba kai ta sauka?"

Ya ce, "Za ta ɗauka nutso suke yi."

Wallahi na so in yi kuka.

Abin haushi, a damina ta huɗu sai ga kirinjijiya biyu sun sauka. Muna laɓe cikin dawa, bindigarsa harba-ruga a kafaɗa. Na raɗa masa, "Harba mana!"

"Haba Bala, baƙo ya sauka ko ruwa bai sha ba?"

Washegari: "In na harbi ɗaya, ɗayar za ta je ta ɓata mini suna." Da suka ƙyanƙyashe kuwa: "Mai jego zan harba? Kai ba ka da imani ne?" Sati guda ban yi masa magana ba.

Da ciwo ya kwantar da shi a asibiti, ina shiga ya ce, "Ka zuba musu?"

Na ce, "Na zuba."

"Ƙarya kake, ba dusa a rigarka."

Na fita ina masifa har bakin ƙofa. Na hau babur zuwa Tirwun, na zuba, na tsaya suka ci. Na dawo rigata fari fat don ya gani, na tarar an rufe shi da zane.

Har yau ina jin ciwon masifar nan da na yi masa. Allah ya jiƙan Yaya, ya yafe mana baki ɗaya. Yadda ya shayar da tsuntsaye, Allah ya shayar da shi daga Alkausara. Amin.