Fim Ɗin Ƙauyenmu Da Vendelín Hrubják Bai Kawo Ba

"Kafin ƙanƙara ta sauka zan kawo muku shi, Terézia, ku kalla a zauren makaranta." Haka ka ce wa mahaifiyata a kakar 1974, Kawu Vendelín. Ranar Talata, tara ga Satumban bana, rediyo ya sanar da rasuwarka a Bratislava kana da shekara tamanin da takwas. An lissafa finafinanka goma sha ɗaya, ba a ambaci namu ba.

Ina 'yar shekara shida ka zo ɗaukar fim ɗin ƙauyenmu kafin ruwan dam ya shanye shi. Hukuma ta aiko ka ka nuna muna murnar sababbin gidaje, sai ka bi mu maƙabarta, inda maza ke tone ƙasusuwan iyayensu don a kai su tudu. Mama ta tsaya a kanka ta ce, "Kai ɗan birni, mutane na haƙa, kai kana leƙe ta rami kamar ɓera?" Ka ajiye kyamara, ka karɓi shebur daga hannun Babana Imrich, ka yi ta haƙa har tafukanka suka yi kanta. Ranar ka cinye kwano biyu na haluški, abincinmu na dankali da cuku, a teburinmu, ka roƙi na uku. Kai ka goya agogon bangon kakata har saman tudu, yana bugawa a bayanka, muna ta dariya.

Hukuma ta kulle fim ɗin, kai ma an hana ka aiki shekara bakwai, kana tuƙa motar burodi. Ba ka taɓa cewa mu muka ja maka ba. Da itace ya faɗo wa Baba a daji, ka zo jana'iza da takalmi ɗaya a yage.

Wannan duk na yafe wa zamani. Abin da ya biyo bayan faɗuwar gwamnatin kwaminisanci a 1989 kuwa, laifinka ne. An mayar maka da gwangwanayen fim ɗinka, ka zauna kana yanka kana jonawa shekara talatin da biyar. Duk Kirsimeti sai ka aiko mini da kati: "Saura kaɗan, Alojzia, tsakiyar ce ba ta zauna ba." Na shekara talatin ina aikin laburare, na san littafin da aka gama da wanda marubucinsa ke tsoron saki. Mutum ɗari biyu da suke cikin fim ɗin, saura goma sha huɗu.

Mama tana da shekara tamanin da uku, likita ya ce da wuya idonta ya kai bazara. Hoton Baba ɗaya gare ta, a tsaye ƙiƙam. Tana so ta ga tafiyarsa a cikin fim ɗin. Da na gaya mata ka rasu, ta ce, "Ɗan banza, da kirki. Ya gama tsakiyar?"

Allah Ya jiƙan ka, Kawu, Ya yafe maka, Ya sa ka huta. Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka Inna Ľudmila, da ɗanku Matúš, da jikoki. Allah Ya ba ku haƙuri.

Matúš, gwangwanayen suna ɗakin aikin babanka, kuma ba ma neman a gyara komai. Na ba ka zuwa ɗaya ga Nuwamba, ranar da muke kunna kyandir a kaburbura, ka kawo mana su. Idan rana ta biyu ta fito ba ka zo ba, zan sa Mama a jirgin ƙasa na safe mu zo gidanku. Na koyi ɗora fim a inji, kuma falonku yana da farin bango.