Ranar da Malang Ta Ƙi Yin Amshi

Darmaji mai facin taya ne a bakin titin da ya gangara kasuwar tsuntsaye a birnin Malang. Rumfarsa ba wata babba ba ce: injin iska, bahon ruwa na gwada tiyub, benci guda, sai tsohuwar rediyo mai kaset da ya ɗaure da roba a jikin ginshiƙi. Duk wanda ya turo babur wurinsa ya san sharaɗin. Za a yi masa faci mai kyau, amma dole ya saurari kiɗan rok, kuma dole ya saurari ra'ayin Darmaji a kansa.

Ra'ayin kuwa ba ya lanƙwasuwa. "Faifan farko shi ne faifai," in ji shi, yana goga tiyub da samfefa. "Lokacin makaɗan suna jin yunwa, haushi na cin su. Na biyu, in an yi sa'a, da sauran ƙarfi. Daga na uku sun ajiye tumbi, sun sayi mota, sai ka ji sun ɗauko fiyano." Ƙungiyoyin kiɗa na Turawa da na gida duk da ma'auni ɗaya yake auna su. Mai jita da mai ganga su ne ƙungiya. Mawaƙi kuwa, ai kowa ma mawaƙi ne a banɗaki.

Akwai faifai ɗaya da ba ya yarda a yi musu a kansa, na farkon wata ƙungiyar unguwarsu mai suna Kumbang Karat. Darmaji yana saurayi aka ɗauki faifan a wani gareji, har ana jin tarin wani a tsakiyar waƙa ta uku. Mai jitar ƙungiyar, Purwadi, maƙwabcinsu ne, ya girme shi kaɗan, shi ya sa yake kiran sa Cak Pur, wato Yaya Pur. Purwadi ne ya tsara waƙoƙin duka, har da "Ruwan Ƙusa", wadda garin gaba ɗaya ya haddace amshinta. Darmaji bai iya kaɗa komai ba. Lasifika yake ɗaukar musu a ka, ya tsaya a gaban dandamali har kunnensa ya yi kwana biyu yana ƙara.

Mawaƙin ƙungiyar, Hendarto, kyakkyawa ne mai dogon gashi, kuma shi mutanen Jakarta, babban birnin ƙasar, suka gani suka so. Ya tafi shi kaɗai. Bayan shekara guda sai ga "Ruwan Ƙusa" a rediyo, an rage mata gudu, an zuba mata fiyano da goge, ta koma waƙar soyayya ta wurin biki. A bayan kaset an rubuta cewa Hendarto ne ya tsara ta. Wannan bai ishe shi ba. Da aka yi hira da shi, aka tambaye shi tsohuwar ƙungiyarsa, sai ya yi dariya ya ce ai hayaniyar yaran ƙauye ce, mai jitarsu ko saita wayar jita bai iya ba.

Darmaji da Purwadi tare suka ji hirar, a wannan bencin. Purwadi ya ƙarasa shan sigarinsa, ya tashi ya tafi. Daga ranar bai sake hawa dandamali ba. Ya koma tuƙin ƙaramar motar haya, ya yi aure, ya haifi 'ya'ya, ciwon suga ya ci ƙafarsa, daga baya ya ci shi gaba ɗaya. Darmaji na cikin waɗanda suka ɗauki makararsa. Hendarto ko saƙon gaisuwa bai aiko ba.

Mutane sun manta, Darmaji bai manta ba. In waƙar ta fito a rediyon wani shago, sai ya tsallaka titi. A ɗaurin auren 'yarsa makaɗa suka fara ta, ya tashi cikin kayan biki ya zare wayar lantarki. Sama da shekara ashirin yana ɗauke da abin nan, kuma bai taɓa neman ya huce ba.

Wata safiya Ngadiman, mai sayar da bakso, wato romon curin nama, a gefen rumfarsa, ya iso yana haki.

"Darmaji, ka ga hotunan da aka manna a gada? Mutuminka zai dawo gida. Wasan kyauta a filin ƙwallo, Lahadi da la'asar, wai don tuna garin da ya haife shi."

Darmaji ya ajiye sifana a hankali. "Wata nawa ya rage?"

"Ɗaya da 'yan kwanaki. Mu tara ruɓaɓɓen ƙwai kawai. Ai Malang ce, mun jefi waɗanda suka fi shi."

"Kai dai kanka kamar tukunyarka, kullum tafasa. In ka jefe shi, gobe jaridu su ce 'yan daba sun ci zarafin dattijo, ya koma abin tausayi. Ni so nake ya ji muryarsa ita kaɗai."

Tun daga ranar duk wanda ya zauna a bencin sai ya ji labarin Purwadi daga farko, sannan a sa masa tsohon kaset ya kwatanta da kunnensa. Da yamma Darmaji ya riƙa bin tsofaffin abokan filin wasa gida-gida. Wasu sun zama limaman unguwa, wasu direbobi, wasu na goyon jikoki. Abu ɗaya ya roƙe su: su zo da wuri, su cika gaba, su kawo 'ya'yansu, kuma kada wanda ya ɗaga ko tsinke.

Ranar Lahadi filin ya cika. Gaban dandamali duk furfura ce da baƙaƙen riguna da suka koɗe. Hendarto ya fito da gashi rinanne da farar kwat, ya yi waƙoƙinsa na Jakarta, aka tafa masa daidai gwargwado. Darmaji ma ya tafa, har Ngadiman ya harare shi.

Sai fiyano ya fara "Ruwan Ƙusa". Hendarto ya rera baitin farko yana lumshe ido. Da ya iso amshi, ya yi abin da ya saba yi a ko'ina: ya miƙa makirfo wajen jama'a, ya kama kunnensa da hannu yana murmushi.

Babu wanda ya buɗe baki. Wasu 'yan mata can baya suka fara, da suka ji su kaɗai ne suka haɗiye sauran. Har kiran mai sayar da gyaɗa a bakin ƙofa ana ji.

"Ina 'yan Malang?" in ji Hendarto, yana dariyar yaƙe. "Ban ji ku ba! Mu sake!"

Makaɗa suka sake zagayowa. Ya sake miƙa makirfo. Dubban mutane suka zuba masa ido, hannuwa a harɗe. Mai ganga ya rikice ya tsaya, sauran suka bi shi.

A cikin wannan shirun Darmaji ya cika ƙirjinsa ya kwarma ihu: "Purwadi!"

Ngadiman ya amsa, layin gaba ya ɗauka, kafin ka ce me filin duka na kiran sunan, ana buga ƙafa a ƙasa. Hendarto ya nemi ya yi magana, bakinsa na motsi ba a jin komai. Darmaji na kusa sosai, ya ga gumi na gangaro da baƙin rini a goshin mutumin. Ya nemi tausayi a zuciyarsa bai samu ko ɗigo ba. Hendarto ya ajiye makirfo a ƙasa ya shige bayan labule. Kafin magariba hoton abin ya zagaye wayoyin ƙasar, kuma bai sake yin wasa a Malang ba.

Washegari Sriatun, matar marigayi Purwadi, ta zo rumfar da kwandon cefane a hannu. Ba ta zauna ba.

"Darmaji, wa ya sa ka? Tun jiya 'yan jarida sun hana ni shanya. Mijina ya yafe wa mutumin nan tun kafin ya rasu, a gabana ya faɗa."

"Na sani, Yaya. Ni ma ya faɗa min."

"To?"

"To shi ya yafe nasa. Ni ban yafe nawa ba."

Ta girgiza kai ta wuce. Ta yi wata biyu ba ta amsa gaisuwarsa.

Darmaji ya bi ta da ido har ta sha kwana. Sannan ya juya ya ce wa Ngadiman ya zuba masa kwano biyu, ya cika barkono. Ya cinye tas, ya share baki, ya jawo babur na gaba.