Iya Tasalla da Karatun Ƙashin Kunne

A Kiru, in ka ga mace da 'yan kunne, da wuya in ba allurar Iya Tasalla ce ta buɗe musu hanya ba. Shekara hamsin ke nan tana huda kunnen jarirai da allura da baƙin zare, kuma ba ta taɓa huda kunne ta ƙyale shi ba sharhi ba. Sai ta murza shi tsakanin yatsu, ta kanne ido, ta ce wannan na Barebari ne, wancan kuwa akwai Fulani a bayansa ko da uban zai rantse. Sau da yawa ba ta dacewa, amma wa zai yi musu da mai riƙe da allura? Nata kunnen kuwa ya yi nauyi tun bara waccan, sai dai ita ta ce mutane ne suka koma magana ciki-ciki.

Jikarta Lubna ta gama jami'a a Kano, aka ba ta gurbin bincike kan ƙasusuwan mutanen dā a ƙasar Habasha. Ubanta Mu'azu, ɗan fari ga Iya, mai sayar da albasa a Kwanar Dangora, ya ce atafau shi bai haifi mai tonon kabari ba. Ranar Alhamis za a rufe karɓar suna, Lubna kuwa ta ce ba ta taka ko'ina sai da yardarsa.

Ran Litinin ta kai ƙara ɗakin kakarta. Ta ce, "Iya, ƙashin kunne fa kawai zan karanta."

Iya ta ji "kunnen ƙashi". Ta tuntsire da dariya har ɗankwalinta ya zame. "Ashe har makarantarsa ake yi? Ai wannan gadon gida ne, ubanki ma sai ya koyar."

Ba ta tsaya jin gyara ba. Washegari ta hau acaɓa zuwa suna a Bebeji, ta huda kunne biyu, ta cika kunnuwa ɗari da labarin jikarta za ta yi digirin taurin kai. Kafin la'asar direbobin Kwanar Dangora sun fara gaida Mu'azu da "Farfesa". Ya dawo gida yana huci, ya ce ko da yana da niyya, yanzu ya fasa. Nan Iya ta gane ta yi ɓarna, abin ya dame ta ƙwarai.

Ran Laraba ta zaunar da Lubna, ta miƙa mata kunnen da ya fi ji. Lubna ta nuna mata hoto a waya, ta ce can cikin ƙoƙon kai akwai wani ɗan ƙashi a naɗe kamar katantanwa. Tun jariri na ciki yake gama siffarsa, ba ya sakewa, kuma gadonsa ake yi. In aka gwada na mutanen dā da na yanzu, sai a ga alamar waɗanne al'ummu ne dangin juna, da inda suka biyo. Ba kabari za ta tona ba, hotuna za ta auna a kwamfuta.

Iya ta tafa hannu tana rawa a zaune. "Kunne ya girmi kaka, ashe ba karin magana ba ne kawai. Ni ina bakin ƙofa shekara hamsin, ke za ki shige ɗaki."

Ta zari mayafi ta iske Mu'azu a zaure da abokansa, ta kama kunnensa da hannu, ƙato mai furfura. Abokan suka kau da kai suna danne dariya.

"Iya, a gaban mutane?"

"A gabansu. Ka san garin kakarka, wadda ta haife ni?"

Ya ce ai Doguwa ce.

"A Doguwa aka tsince ta, shekarar yunwa, tana 'yar shekara huɗu, ba ta jin Hausa. Har ta rasu ba ta san sunan garinsu ba. Kana tsammanin don wasa nake murza kunnen 'ya'yan mutane? Irin nata nake nema."

Dariya ta ɗauke a zauren. Mu'azu bai taɓa jin wannan ba. Sai ya kira Lubna, ya ce ta je, Allah ya ba da sa'a.

Lubna ta rako kakarta ɗaki, murna da nauyin zuciya sun haɗe mata. A bakin ƙofa ta matsa kusa da kunnenta. "Iya, gaskiya binciken ba ya nuna garin mutum ɗaya. Ba zan iya samo garin mahaifiyarki ba."

Wannan karon Iya ta ji sarai. Ta gyara wa jikar ɗan kunnenta da ya karkace, ta ce, "Na sani. Ke dai ki duba da kyau. In kin ga masu kama da mu, ki ce ina gaishe su."