Fartanyar Da Na Ƙwace A Hannun Yayana

A shekarun da gyaɗa take da daraja, ni saurayi ne a Toranke mai jini a jika, ga rawar kai, ga son a ce ni na yi. Yayana da muke ciki ɗaya shi ne gwarzon noma a unguwarmu, kafin taɓin hankali ya same shi. Damina biyu ya yi a ɗaki da ƙafa a turu. Mun yi rubutu, mun yi turare, har muka gaji.

Sai Allah ya haɗa mu da wani dattijon malamin asibiti da yake zuwa daga Gaya a kan keke duk ranar kasuwar Ajingi. Shi ya lallashi mahaifinmu aka cire turun, ya raka mu asibiti a Kano, ya riƙa kawo mana magani har gida. Kafin ruwa ya sauka Yaya ya dawo hayyacinsa, yana bin jam'i, har yana tsokanata wai gemu ya ƙi fito mini. Wayyo daɗi! Na rasa inda zan sa kaina don murna. Amma a ɓoye na kwashe fartanya da lauje da gatari na cusa a rumbu, wai ni mai hangen nesa.

Da ciyawa ta taso, na kira gayya a gonarsa ba tare da na shawarce shi ba. Na yanka bunsuru, mata suka dama fura, na ɗauko mai gangar noma. Kai, ranar an yi abin kallo! Samari suka jeru, ƙasa na tashi, ni kuwa ina ta kai da kawo kamar ango. Can makaɗin ya hango Yaya a gindin marke, ya saki tsohon takensa. Yaya ya zabura ya karɓi fartanya a hannun wani, wuri ya kaure da sowa. Ni ko gabana ya faɗi. Na ruga na riƙe ƙotar, na ce masa a gaban jama'a ya koma inuwa, mai lalura irin tasa ba ya riƙe ƙarfe. Ya dube ni, ya sakar mini. Gayyar ta watse ba a gama ba.

Kwana uku bai ci abinci ba, bai sha magani ba. Na same shi a tsohon ɗakin zaune kusa da turu, ya ce in mayar masa da shi, gara na itace da wanda na sa masa a bainar jama'a. Hankalina ya tashi, na tabbata ciwon zai dawo, kuma ni na jawo.

Da yake ranar kasuwa ce, da gudu na je na kira malamin. Bai yi mini faɗa ba. Takalmi ya cire ya zauna a ƙasa kusa da Yaya, suna magana ƙasa-ƙasa har la'asar. Sannan ya ce shi fa allura kaɗai ya iya, ko Yaya zai koya masa noma a ragowar gonar nan? Ya sa na ɗauko fartanyar da na ɓoye a rumbu, ya miƙa masa da hannunsa, ya shige gaba ya ba shi baya. Na bi su gonar, idona a kan fartanyar. Wallahi kafin magariba Yaya ya share wurin tas, yana ƙyalƙyala dariyar yadda malam yake sunkuyo! Ya dawo ya tashi da malmala biyu, ya nemi maganinsa da kansa. Na koma bayan rumbu na yi kuka.

Da na raka malamin, ya ce mini magani yana kwantar da ciwo, amma mutum ba ya miƙewa sai an yarda da shi.

Ni na ɗauka tausayi nake yi, ashe tsoro ne. Don Allah duk mai irin wannan majinyaci a gida, ya kula da maganinsa, ya nemi shawarar ma'aikatan lafiya, amma ya riƙa tambayarsa me yake so kafin ya yanke masa. Yaya ya yafe mini, ya yi shekaru yana nomansa lafiya. Sai dai har Allah ya karɓi ransa bai sake kirana gonarsa ba.