Waken Baba na Cikin Toka

Shekara goma sha biyu ke nan da muka rasa Baba, mahaifin maigidana. Ba zan kama sunansa ba, don har yau kunyarsa nake ji. Mutanen unguwar Sharafiyya dai sun san shi da Hajji Mai Gwangwani. Duk sa'ad da zafin Jidda ya fara sassautawa shi nake tunawa. Tsofaffinmu kaka suke kiran lokacin, ko da yake a nan lokacin shuka ne, ba na girbi ba.

Da ya ajiye aikin tashar jiragen ruwa, mun ɗauka ƙofar gida zai zauna da carbi da rediyo. Ina! Saman soro ya tare. Gwangwanin kananzir, na man girki, tsohon bokiti, duk ya cika su da ƙasa da takin awaki. A lokacin ruwa saye ake yi, don haka a gidanmu ba a zubar da ruwan alwala. A kwano ake yi, a kai wa yakuwa da zogale. Baƙo ma bai tsira ba, yana zama za a turo masa kwanon. Yau ga famfo har cikin kicin, kuma da Baba zai ga jikokinsa sun bar shi yana zuba suna hira, na san sai maƙwabta sun ji muryarsa.

Su bakwai ne masu wannan shuka ta gwangwani, duk tsofaffin da suka bar aiki. Kowace kaka, ana gobe za su yi shuka, sukan taru a soron ɗayansu bayan la'asar. Kowane gida ya kawo abinci daga abin da ya noma, a ci, sannan a yi musayar iri. Baba yakan ba da irin yakuwa da na kuɓewa hannu sake. Wakensa ne kawai ba ya bayarwa.

Wani ɗan ƙaramin wake ne mai ɗigon ja. Mahaifiyarsa ce ta ƙulle shi a bakin zanenta ranar da suka bar ƙauyensu na ƙasar Haɗeja za su Makka a ƙafa, Baba yana goye. Shekara bakwai suka yi a hanya. Duk inda damina ta tsayar da su sai ta shuka, su ci, ta sake ƙulle iri. A hanya ta binne mijinta, amma waken ya iso. Shi kaɗai ne abin da Baba ya gada, kuma ya yi rowarsa ƙwarai. Kowace shekara yakan fito da shi ya nuna, a yaba, ya mayar. Abokinsa Ammu Sale, tsohon kafinta mai tsokana, ya roƙa har ya gaji ya koma kushe, wai ful, waken Larabawa na kasuwa, ya fi shi.

Ni duk wannan ban sani ba. Wata uku ke nan da kawo ni daga garinmu Bur Sudan, surukata ta riga ta rasu, maigidana kuma bai ga dalilin yi mini tarihin wake ba. Taron shekarar a soronmu ne, ni ko ina so in nuna na iya girki. Na ga gwangwanin madara a bayan buhun shinkafa, cike da wake cikin toka. A gidan iyayena haka ake ajiye na ci don ƙwari. Na tankaɗe, na jiƙa, na surfa, na niƙa. Alalen da na yi ranar, wallahi, ban sake yin kamarsa ba.

Daga ƙasa, inda muke mu mata, ina jin ana santi. Ga dambun zogale da mulukiyya, wato miyar lalo, da miyar yakuwa na sauran gidaje, amma kwanona aka fara sharewa. Baba da kansa ya ci uku. Sai ya sauko ɗaukar gwangwaninsa. Na gan shi tsaye a ƙofar kicin, ya tura hannu cikin tokar yana lalube, ya sake lalubewa. A nan na gane daga ganin fuskarsa cewa na yi ɓarna. Na durƙusa na faɗa masa.

Ya zaro hannunsa daga tokar. Can ya ce, "Halas, ya binti, ya wuce, 'yata. Tashi. Ya yi daɗi." Da zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi. Ya hau sama da gwangwanin, na bi shi na laɓe a matakala ina kuka. Na ji ya gaya musu gobe ba shi da abin shukawa, waken Inna ya ƙare a cikinsu.

Sai Ammu Sale ya yi gyaran murya. "Ya Hajji, in na faɗi wata magana, za ka yafe kafin ka ji, ko sai ka ji?"

Ashe shekara uku da suka wuce ya tsinki kwanso biyu a soronmu ya jefa aljihu. Yana ta shuka su a ɓoye a wani kangon ɗansa can unguwar Khumra, inda ya san Baba ba zai taɓa zuwa ba.

"Ɓarawo!" in ji Baba. "Ba kai ka ce ful ya fi shi ba?"

"To me zan ce, tunda ka hana?"

Washegari da hantsi Ammu Sale ya zo da ƙunshi a hankici, ya kai cikin tafi biyu. Baba ya zuba a faranti, ya kasa gida takwas: bakwai na tsofaffin, ɗaya nawa. Tun daga ranar ba a sake taro ba tare da ya cusa wa kowa waken ba, har waɗanda ba su tambaya ba. Ni kuwa bai taɓa goranta mini ba, sai dai in ya ga na nufi kicin ya ce a ɓoye gwangwani, ga ta nan.

Yanzu Jidda ta zama wani gari. Dogayen gine-gine sun tare wa soronmu iska, na'urar sanyi na ruri ta kowace taga, tsofaffin bakwai kuma duk sun tafi. Ina jin da Baba zai dawo sai ya ɓata a unguwarsa. Amma taron bai mutu ba. 'Ya'yansu da matansu ne ke yi, bana a unguwar Aziziyya muka taru, gidan 'yar Ammu Sale, ni na kai alale. Ba ni da hoton Baba ko ɗaya. Abin da ya rage mana nasa yana tsirowa a sorayen mutane, kuma ya isa.

Makon jiya wata hajiya 'yar Haɗeja ta sauka a gidanmu, tana jiran jirgin komawa. Ta ga waken a faranti, ta juya shi a tafinta, ta ce rabonta da irinsa tun kakarta na da rai. Na ɗebar mata cikin hannu, na tashi neman abin zubawa. Kafin in dawo ta riga ta ƙulle shi a bakin zanenta.