Shebur ɗin Roba

Ƙwas! Ina cikin shara ƙaramin shebur na roba ya faɗo daga saman kwaba, yashi ya watsu a kan tayil. Nan take uwar mijina ta faɗo min a rai, ita da bakinta mai kaifi.

Wani hutu muka bar Riyad zuwa bakin teku a Dammam. Yara suka binne ƙafafun ƙaninsu cikin jiƙaƙƙen yashi, suna ta ƙyalƙyala dariya. Ni na nuna musu wasan. Sai Hajiya, uwar mijin nawa, ta taso daga tabarma, ta fizge shebur ɗin.

"Ke 'yar nan, kabari kike koya wa jikokina? Wace irin uwa ce ke binne ɗanta da ransa?"

A gaban mutane ta faɗa, mijina kuwa ya sunkuyar da kai. Har aka kai ta makabartar Al-Oud ba ta ba ni haƙuri ba, ni ma ban yafe ba.

Yanzu ga shebur ɗin a gabana, na daure na ce, "Allah Ya jiƙanta, Ya haskaka kabarinta."

Babbar 'yata da ke zaune a gefe ta ɗago ta dube ni. "Umma, wallahi bakinki ne kawai ya yi addu'ar nan. Ki sake yin ta."